Faranti ya fito fes, amma fa da sauran magana

Aikin lab a ɓangaren ƙwayoyin cuta rabinsa jira ne. Ka karɓi samfur, fitsari ne ko jini ko majina, ka shafa a faranti mai abincin da ƙwayoyin ke so, ka saka a inkubeta, akwatin da ke riƙe ɗumi, a zafin digiri 37 wato daidai ɗumin jikin mutum, gobe ka dawo ka leƙa. In wani abu ya tsiro to aiki ya samu. In kuma farantin ya fito fes ba ko ɗigo sai ka rubuta ba abin da ya tsiro ka tura wa likita. To wannan sakamakon na biyun shi mutane suka fi murna da shi, ni kuwa tunda na fara aikin nan shi na fi jin tsoro.

Dalili kuwa, farantin bai ce maka mutum lafiyarsa ƙalau ba. Abin da ya ce kawai shi ne a wannan abincin, a wannan zafin, cikin wannan 'yan awannin, ba wanda ya fito. Kuma su ƙwayoyin nan ba halinsu ɗaya ba sam. E. coli, wata ƙwaya da ke zama a hanji, in ta samu wuri mai daɗi duk kamar minti 20 take rabewa biyu, shi ya sa kwana ɗaya ya isa ka gan ta ta cika faranti. Ƙwayar tibi wato tarin fuka kuwa sai ta kai awa 15 zuwa 20 kafin ta rabe sau ɗaya tak, don haka a tsohuwar hanya sai an jira har sati 8 kafin a yarda a ce babu. Ta kuturta ma fa, tun 1873 wani likita mai suna Hansen ya gano ta a Norway amma har yau ba a iya shuka ta a faranti ba, sai a jikin dabba kamar tafin ƙafar ɓera. Ka ga in da faranti ne alƙali ai da an ce kuturta ba ta da ƙwaya.

Labarin da ya fi zauna min a rai shi ne na olsa. Shekara da shekaru likitoci sun tafi a kan cewa damuwa da yawan asid ne ke kawo gyambon ciki, kuma wai ba ƙwayar da za ta rayu a cikin wannan asid ɗin, magana ta ƙare. Sai ga wani likita Robin Warren a birnin Perth na Ostareliya, tun 1979 yana ganin wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa a naman cikin marasa lafiya ta madubin likita, ya haɗu da wani likitan mai suna Barry Marshall suka yi ta ƙoƙarin shuka su, samfur bayan samfur ba abin da ke fitowa. Ashe ƙa'idar lab ɗin ce matsalar, faranti in ya yi kwana 2 ba komai zubar da shi ake. A hutun Ista na 1982 ne aka bar wasu farantai a inkubeta har wajen kwana 5 saboda ba wanda ya samu sukunin duba su, da aka dawo sai ga su sun tsiro. Ita ce Helicobacter pylori, ƙwayar da ke jawo yawancin olsa. Marshall ɗin nan har kurɓar ta ya yi a 1984 ya jawo wa kansa kumburin ciki don dai a yarda, kuma su biyun suka samu kyautar Nobel a 2005.

Mutane in suna ba da labarin nan sun fi son wajen kurɓar, ni ba shi ya dame ni ba. Waɗanda ke zubar da farantan nan ba malalata ba ne fa, ƙa'ida suke bi kuma ƙa'idar tana da hujjarta, yawancin ƙwayoyin da ake nema kullum kwana 2 ya ishe su, in ka ƙara kwanaki sai wasu tarkacen su rufe farantin. An dai yanka rigar ne daidai jikin wasu, aka zo ana auna wani da ita. Shi ya sa yanzu duk ƙa'idar da aka koya min sai na tambayi don wa aka yi ta, wani lokacin manya su ji haushi, suna ganin kamar gardama ce.

Akwai kuma ɓangaren da ba ruwan lab. Mutum ya sha antibayotik kwana biyu kafin a ɗauki samfur, ko samfurin ya daɗe a ajiye kafin ya iso, ko ƙwayar irin wadda iska ke kashewa ce aka kawo ta a buɗe, duk waɗannan faranti fes za su ba ka. Kuma sau da yawa takardar da ke zuwa da samfurin ba a rubuta komai a kanta sai suna da shekaru, wallahi abin na ci min tuwo a ƙwarya. In likita ya rubuta abin da yake zargi da maganin da mara lafiya ya riga ya sha, layi biyu kacal, mu a nan mun san wane faranti za mu ɗauko da kwana nawa za mu bar shi. In bai rubuta ba kuma na ga alamar samfurin ba na yau da kullum ba ne, waya nake ɗauka in kira shi kafin in buɗe kwalbar.