Bencin da Na Tsufar da Gangan

Bencin da ke zaurenmu na katako ne mara fenti, kuma na daɗe ina sha'awar ya yi kama da irin waɗanda ake gani a ƙofar tsofaffin shaguna, waɗanda rana da zaman jama'a suka cinye fentinsu har launin ƙasa yana leƙowa. Da na faɗa wa kafintan unguwarmu niyyata, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, mutane suna kawo mini tsoho in sabunta, kai kuma za ka kashe kuɗi ka tsufar da sabo?" Duk da haka shi ya ba ni samfefa mai lamba 80, wato mai kaushi, da mai lamba 220, wato mai laushi.

Na fara da goge katakon gaba ɗaya, na share ƙurar da ɗanyen tsumma, sannan na shafa fenti ruwan ƙasa mai duhu a matsayin shimfiɗa ta farko. Bayan ya bushe, na goga kyandir a gefuna da kusurwoyi, domin fenti ba ya kama wurin da kakin ya taɓa, sai na bi da shuɗi mai haske a kai. Fentin ruwa na zaɓa saboda yana bushewa cikin 'yan sa'o'i kuma yana ɓarewa da sauƙi, alhali mai mai yakan kwana bai gama ƙarfi ba, ya riƙa toshe samfefa.

A wajen gogewa ne na yi kuskuren da ya ci mini yini guda. Na ɗauki samfefa mai kaushi na bi bencin ko'ina da ƙarfi ɗaya, ina barin tabo nan da can a tazara kusan iri ɗaya, kuma da na ja baya na duba, abin da na gani ya fi kama da dabbare-dabbaren fatar damisa fiye da tsohon kayan zama. Dole na sake shafa shuɗin. Kafin in koma kansa, na je na tsaya gaban wani tsohon benci a wurin mai shayi, na lura da inda ya ci: bakin gaba inda cinyoyi suke gogawa, tsakiyar mazaunai biyu ko uku da aka fi zama, sandar ƙasa da ake ɗora ƙafa, da ƙarshen ƙafafun da ruwan shara yake taɓawa. Sauran jikinsa yana nan da fentinsa, ya dai koɗe. Wuraren nan kaɗai na goge a karo na biyu, ina bin tsawon katakon da samfefa mai laushi, ina dakatawa da zarar ruwan ƙasan ya bayyana.

Wani abin da ban yi tsammani ba shi ne ƙurar hunturu, wadda ta manne a fentin da na bari a tsakar gida. Tun daga nan a cikin zaure nake aiki, da takunkumi a hanci lokacin gogewa. A ƙarshe na rufe bencin da banish mara sheƙi har sau biyu, domin mai sheƙi zai tona asirin cewa aikin jiya ne. Da kafintan ya zo karɓar sauran samfefarsa, a kan bencin ya zauna yana tambayata inda na kai sabon.