Tarkacen imel ya kusa ja min asara

Wallahi jiya na ji haushin kaina. Sati biyu ina jiran amsar aikin da na nema a Yamai, ashe saƙon ya zo tuni ya nutse cikin tarkace, wai na ci miliyoyin sefa, wai bizar Kanada, ni da ko Agadas ban taɓa zuwa ba. Laifina ne ma, duk inda aka ce sa imel sai in sa. Ƙanena a Zangon Damagaram ya nuna min, tallan gaskiya in cire sunana ta ƙasan saƙon, na 'yan damfara ko buɗewa kar in yi, in tura su spam, wato akwatin tarkace, Gmail na sharewa bayan kwana 30. Na buɗe adireshi na biyu don rajista kawai. Litinin aka kira ni kan aikin, saura ƙiris damar ta wuce ni.