Kafin a kai bangon littafi maɗaba'a

Jama'a, ku fara auna ƙashin bayan littafin tukuna, wato gefen da ganyayen suka haɗu. Shafi 200 ganye 100 ne, a takarda mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita kaurinsa wajen milimita 10. Da an sauya takarda lissafi ya rushe, sunan littafi ya zame gefe.

Hoto ya zarce layin yanka da milimita 3, domin wuƙa takan kauce, farin zare ya fito a baki. Rubutu ya ja ciki da milimita 5.

Ku mai da launi CMYK, wato tsarin tawada huɗu da injin maɗaba'a ke aiki da shi, domin shuɗin da ke ƙyalli a kwamfuta dusashewa yake a takarda. Hoton WhatsApp kuwa an matse shi, da wuya ya kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci da ake so domin hoto ya fito tar a bugu.

Ku aika PDF ɗauke da haruffansa, kada ƙ da ɗ su koma akwatuna.