Ɗari biyar ɗin Kano daban, ta Maraɗi daban

Har yau idan na tuna muryar nan tana cewa "ana bin ki ɗari biyar" sai raina ya ɓaci, don ni na rubuta abin da take faɗa.

Manhajar rubuta bashi muka ƙera wa ƙananan 'yan kasuwa. Da yake yawancinsu ba su yi boko ba, sai muka sa waya ta riƙa karanta musu lissafi da Hausa. Duk abin da ake cewa a yi mun yi: mun zauna a rumfuna, mun zana fuskar manhajar a takarda, mun miƙa wa mutane su latsa muna kallo. Na riƙe maganar masanin gwajin manhaja Jakob Nielsen ta shekarar 2000, cewa mutum 5 sun isa su tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani. Mutum 5 kuwa na gwada. Dukansu a Kano. Nielsen da kansa ya ce idan masu amfanin rukuni-rukuni ne, kowane rukuni a gwada shi daban. Wannan ɓangaren na tsallake, wai ai duk Hausa ce.

Da za mu kai ta Maraɗi, abin da na canza kawai shi ne naira ta koma sefa. Ban san cewa a can da dala ake ƙirga kuɗi ba. Dala ɗaya sefa 5 ce. Idan Bamaraɗe ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi. Jika kuma 1,000. Ke nan waya ta ga 500 ta ce "ɗari biyar", kunnen mai saye ya ji 2,500.

Haka ta faru da wata Hajiya mai sayar da man gyaɗa. Ta kunna wa maƙwabciyarta muryar, matar ta rantse ba ta ci wannan bashin ba, rigima ta kai har gaban mazajensu. Da na je ba da haƙuri, Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗana, kai da ka yi abin, ka taɓa sayen ko goro a kasuwar nan?" Ban taɓa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, kafin nan na nuna wa 'yan kasuwar ta bidiyo, na tambaye su ko ta yi. Kowa ya ce madalla, Allah ya yi albarka. Kara suka yi min. Wa zai kushe aikin baƙo a idonsa? Da a ce na miƙa wa mutum ɗaya wayar na ce ya shigar da bashin jiya da hannunsa, a minti biyu zan ga ya buga 100 inda nake jiran 500.

Wata biyu muka yi muna gyara. Muka sake ɗaukar murya da bakin wata 'yar garin, muka sa manhajar tana tambaya tun farko ko da dala mutum yake ƙirga, sannan hoton takardar kuɗin yana fitowa kusa da lambar. Yanzu ba na yarda a ce an gwada abu sai na ji a wace kasuwa, kuma da wa.

Hajiya dai ta koma wa littafinta, jikanta ke rubuta mata. Na aika mata sabuwar sau biyu, ba ta buɗe ba.