Hoton da Ke Magana: Geoff Palmer a Gidan Hotuna na Edinbura

Gidan adana hotunan manyan mutane na ƙasar Sikotlan, wanda aka buɗe a titin Queen da ke Edinbura a shekarar 1889, cike yake da fuskokin sarakuna da alƙalai da marubuta da hafsoshin soja, da yawansu an zana su da fenti, kowa ya kame cikin kayan girmansa. A cikin wannan taro aka shigar da Farfesa Geoff Palmer, amma shi ta hanyar bidiyo, wanda mai fasaha Graham Fagen ya shirya. A ganina wannan zaɓi ya dace da mutumin ƙwarai, domin duk wanda ya san tarihinsa ya san cewa da baki ya yi mafi yawan gwagwarmayarsa.

An haifi Palmer a Jamaika a 1940, ya bi mahaifiyarsa zuwa Landan a 1955 yana gab da cika shekara 15. Hukumomin makaranta sun auna shi suka yanke cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta sauran yara ba, kuma ƙwarewarsa a wasan kurket ce ta buɗe masa ƙofar makarantar sakandare mai kyau. Wannan yaron ne ya yi digiri a ilimin tsirrai a Jami'ar Leicester, ya zo Edinbura ya yi digirin digirgir kan hatsi, sannan a 1989 ya zama baƙar fata na farko da ya kai matsayin farfesa a Sikotlan, a Jami'ar Heriot-Watt. Bincikensa ya shafi yadda ƙwayar sha'ir ke tsira, kuma ya ƙirƙiro dabarar kankare bayan ƙwayar kaɗan domin tsiron ya yi sauri, dabarar da masana'antun giya na Birtaniya suka karɓa. Ya yi aiki a kan dawa ma, a lokacin da Nijeriya ta hana shigo da sha'ir a ƙarshen shekarun 1980, masana'antu suka koma neman hatsin gida.

Ɗaya ɓangaren rayuwarsa ya fi tayar da ƙura. Shekara da shekaru yana zagaya makarantu da majami'u da zaurukan taro yana tunatar da mutanen Sikotlan irin hannun da kakanninsu suka sa a cinikin bayi da gonakin rake na Karibiyan, yana kafa hujja da sunayen iyalan Sikotlan da suka cika Jamaika har yau. Shi ne kan gaba wajen neman a sauya rubutun da ke gindin dogon ginshiƙin tunawa da Henry Dundas, babban ɗan siyasar Sikotlan na ƙarni na 18, a dandalin St Andrew da ke Edinbura, domin a bayyana cewa Dundas ne ya kawo wa majalisar Birtaniya shawarar a soke cinikin bayi sannu a hankali a 1792, alhali ba a soke shi ba sai 1807. Wasu masana tarihi sun yi jayayya da shi kan wannan fassara, jayayya mai zafi, amma abin da ya fi burge ni shi ne cewa bai taɓa neman a rushe ginshiƙin ba. Matsayinsa shi ne a bar shi tsaye, a rubuta gaskiya a jikinsa, domin in an kawar da shaida an kawar da laifin da take nunawa.

To, mutum irin wannan yaya mai fenti zai yi da shi? Zai iya zana furfurarsa da rigar shugaban jami'a, wadda ya fara sawa a 2021, amma zane ba zai ɗauki karin harshensa na Jamaika da bai bar bakinsa ba, ko haƙurin da yake yi wa mai musu bayani da shi. Bidiyo yana ɗaukar waɗannan duka, kuma yana tilasta wa mai kallo ya tsaya, domin zane ana iya wuce shi da kallo ɗaya, amma mai magana sai an ba shi lokaci. Fagen kuwa ba baƙo ba ne a wannan fage, tunda ya daɗe yana aiki kan alaƙar Sikotlan da Jamaika, kuma shi ya wakilci Sikotlan a baje kolin fasaha na Venice a 2015.

Akwai abin da ke damuna game da irin wannan hoto. Fenti yana iya shekara ɗari uku a bango ba tare da ya nemi komai ba sai kulawa kaɗan, amma bidiyo yana buƙatar na'ura da wuta da ma'aikatan da za su riƙa sauya masa mazubi duk lokacin da fasahar adanawa ta canza, kuma idan aka kashe allon, babu abin da ya rage a ɗakin. Palmer ya rasu a watan Yunin 2025 yana da shekara 85, saboda haka nauyin da ke kan gidan hotunan ya ƙaru: su tabbatar allon yana kunne a inda jama'a ke wucewa, kuma ɗaliban da za a kawo nan da shekara 50 su ji bayaninsa daga bakinsa.