Ruwa a ƙasan kujerar fasinja: kafin a cire gilashi, a leƙa ƙarƙashin mota

Har yanzu idan na tuna riyal 450 da na biya aka cire min gilashin gaba, raina sai ya ɓaci. Gilashin nan lafiyarsa lau.

Aikina jigilar masu Umara tsakanin Jidda da Makka. A watan Agusta na fara ganin kafet ɗin ɓangaren fasinja yana jiƙewa, har wani bawan Allah ya sauka da bakin haraminsa sharkaf. Jidda kuwa sai a shafe watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba, galibi sai wajajen Nuwamba. To daga ina? Na kai motar wata warsha, wato garejin gyara, a Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, mai gyaran ko durƙusawa bai yi ba ya ce robar gilashi ce ta saki, ruwan wankin mota ke bi ta nan. Aka cire, aka shafa gam, aka mayar. Ban kai mota wanki ba ko sau ɗaya, amma kafet ya sake jiƙewa, ga wani warin fumfuna da ke tarbar mutum da zarar ya buɗe ƙofa.

Wani dattijo bakanike, mutumin Kano da ya daɗe a nan, shi ya warware min. Ya dangwala yatsa a ruwan, ya shinshina. Ya ce, "Ɗana, da ruwan lagireto ne ke zuba ta hita, da ka gan shi da launi, kore ko ja, da santsi da ɗan ƙamshin zaƙi. Wannan fari ne tas." Ya sa na kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya mota (AC), muka tsaya. Ya ce in leƙa ƙasa. Na ce, "Baba, a bushe yake." Ya ce to matsalar ke nan.

Mukayyif yana tatse danshin iska ne, ruwan ya taru a cikin akwatinsa a bayan dashbod, sannan ya fita ta wani ɗan tiyon roba ya ɗiga a ƙasa. A gari irin Jidda da ke bakin Bahar Maliya, danshi ya yi yawa, don haka motar da mukayyif ɗinta ke aiki dole ta bar jiƙa a inda ta tsaya. Ƙurar hanya ta haɗu da ruwan ta zama taɓo, ta toshe tiyon, akwatin ya cika ya yi ambaliya a ƙafar fasinja. Shi ya sa nake jin ƙarar ruwa a bayan dashbod idan na sha kwana, alamar da mai warshar can bai ko tambaye ni ba.

Baba ya ɗaga motar, ya matsa bakin tiyon, ya hura masa iska a hankali. Ruwa baƙi ƙirin ya tsiyayo. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in zura ƙarfe mai tsini, don ana iya huda abin sanyin da ke ciki, kuma wannan gyaran sai an kwance dashbod gaba ɗaya. Muka canza filtar mukayyif, wadda ta cushe da ƙasa. Ko riyal 50 ban kashe ba.

Busar da motar ya fi gyaran wahala. Saman kafet yana yaudara, ka taɓa ka ji ya bushe, alhali soson da ke ƙarƙashinsa ya sha ruwa ya ƙoshi, ga wayoyin lantarki kwance a wurin, ga tsatsa na jira. Sai da muka kwance kujera, muka ɗaga kafet, muka shanya soson a rana kafin warin ya tafi.

Gilashin kuma, tun da aka taɓa shi, iska take min shewa ta gefe ɗaya idan na hau babban titin Makka. Na koma warshar na faɗa masa, ya ce ai haka motar take tun asali.