Aikau a gaba, aikatau a baya: abin da na gani a ajin Turanci

Ina koyar da Turanci ga ’yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin WAEC da NECO, kuma darasin jerin kalmomi da Hausa nake buɗe shi. Dalilina shi ne yaran nan sun riga sun iya rabin aikin tun daga gida. “Musa ya sayi rago” da “Musa bought a ram” jeri ɗaya ne: aikau (mai yin aikin), aikatau (kalmar aikin), sannan karɓau (wanda aikin ya faɗa wa). Da zarar na rubuta su a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, sai ka ga fargaba ta ragu a fuskokinsu.

Inda aikin yake shi ne wannan ɗan “ya” ɗin, wanda malaman nahawu ke kira zagi. Hausa ba ta cika barin aikatau ya fito babu shi ba, shi ya sa wata ɗaliba ta rubuta mini “My mother she sells groundnut oil”. Hausarta ce ta yi aiki daidai, Turanci ne bai tanadi gurbin ba. Na yanka kwalin sabulu, na rubuta kalma ɗaya a kan kowane yanki, na tsayar da yara a gaban aji kowa riƙe da nasa, sannan na ce mai “she” ta koma ta zauna. Sun yi dariya, amma ya zauna musu.

’Yan Islamiyya sukan riga kowa gane muhimmancin jeri. Sun san a Larabci fi’ili na iya zuwa farko, domin wasalin ƙarshe ke nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa. Tsohon Turanci ma yana da irin waɗannan alamomi a ƙarshen kalma, suka zube a hankali, sai mazaunin kalma ya ɗauki nauyin. Ka juya “The dog bit the boy”, yaro ne ya ciji kare.

Bayanin ma’ana ya fi cin lokacina, domin a nan suke asarar maki har a darasin kimiyya. Mu mukan ce “Akuya dabba ce”, dirka, wato “ce” ɗin, tana bayan jinsin abin, wato “dabba”. Turanci kuwa yana so “is” ta biyo abin da ake bayani nan take, sai jinsinsa, sai abin da ya bambanta shi da ’yan uwansa: “A thermometer is an instrument that measures temperature.” Yawancinsu sukan tsallake jinsin su rubuta “is when”, ni kuma ba na karɓa. Sai in tambaya, “To, shi wane irin abu ne? Na’ura, wuri, ko aiki?” Wanda ya amsa wannan, jimlarsa ta miƙe.

Tambaya na bari sai ƙarshen zango, don a tambaya ne jerin ya fi juyawa. Muna cewa “Ina Musa zai je?” ba tare da mun taɓa jerin aikau da aikatau ba, amma Turanci sai ya tura mataimakin aikatau, irin su “is”, gaban aikau: “Where is Musa going?” Idan kuma tambayar ta shiga cikin wata jimla, jerin ya koma yadda yake: “I asked where Musa was going.” Wannan na biyun har yanzu yana kayar da masu ƙoƙarin ajin ma, don haka kowace Juma’a nakan ba su jimla biyar su juya kafin a tashi.